Kafin ka sayi kifi mai share gilashi don hayayyafa a Damagaram

Kifina na farko kuskure ne. Mai sayarwa ya ɗago shi cikin leda, bai fi yatsa ba, ya ce mini: "Alhaji, wannan shi ne mai share gilashi." Haka ne, yana sharewa: gansakukar da ke kama gilashin akwatin kiwon kifi yake cinyewa. Amma bayan shekara guda ya kusa tsawon takalmina, ya cika akwatin gilashin da kashi, kuma ƙwai ko ɗaya ban gani ba. Ashe babban nau'in ne, wanda kan wuce santimita 40. Wanda nake nema shi ne Ancistrus, ɗan uwan tarwaɗa daga kogunan Kudancin Amurka, wanda ba ya wuce santimita 12 zuwa 15. Suna ƙanana sun yi kama ƙwarai, don haka ka dubi kai: na Ancistrus faffaɗa ne, gajere, kuma namijin da ya girma yana da wasu tsiro masu rassa a saman hanci kamar saiwar gero. Macen ba ta da su, ko kuma 'yan kaɗan ne a gefen baki.

Za a nuna maka launin ƙasa mai ɗigo-ɗigo, da zabiya mai jan ido, da mai dogon fiffike. Zabiyar ce ta fi ɗaukar ido, har yara kan taru a gabanta. Ni dai mai launin ƙasa nake ba wa mai farawa shawara ya ɗauka, don ya fi araha, kuma kuskuren mai koyo ba ya jin zafi sosai in kuɗin kaɗan ne. Mai dogon fiffike kuwa a bar shi sai hannu ya faɗa.

Daga nan sai tambayar manya biyu ko ƙanana da yawa. Manya, namiji da mace, suna iya yin ƙwai cikin 'yan makonni, amma suna da tsada, kuma in tafiyar Kano zuwa Zinder ta kashe ɗaya cikin leda, ka koma baya. Ƙanana biyar ko shida sai ka jira wata shida zuwa shekara kafin ka rarrabe maza da mata. Haƙurin yana biya, domin kifin da ya girma cikin ruwanmu ya fi jure ruwanmu. Ka tanadi akwati mai ɗaukar lita 80 zuwa 100, namiji ɗaya da mace ɗaya ko biyu. Maza biyu a ƙaramin wuri faɗa ne kawai.

Inda na fi so mutum ya tsaya ya yi tunani shi ne kogo, domin ba tare da shi ba babu ƙwai. Namiji ne ke zaɓen kogo, ya share shi, ya jawo mace ta zuba ƙwai, sannan ya kore ta ya tare bakin. Cikin abubuwan da ake sa masa a matsayin kogo akwai guntun tiyo na roba, akwai ɓawon kwakwa, akwai na yumɓu. Tiyon roba ba ya da tsada amma santsi gare shi, ba shi da nauyi, kuma sai ka toshe ƙarshensa ɗaya. Ɓawon kwakwa ya yi faɗi da yawa, uban ba ya iya rufe bakin da jikinsa. Na yumɓu shi ne sarki, kuma a nan mu 'yan Damagaram muka fi wasu sa'a, tunda ga Mirriah nan kusa, garin tukwane. Na je wurin wata dattijuwa da zane a takarda: tsawo santimita 15, baki santimita 4, ƙarshe a rufe. Ta juya takardar ta ce: "Ɗana, wannan tulu ne ko mazurari?" Na ce: "Inna, ɗakin kifi ne." Ta yi dariya har ta kira maƙwabciyarta, amma ta gina mini uku. Ka ce a gasa sosai, kada a shafa masa launi ko wani abin ƙyalli, kuma ka jiƙa shi kwana biyu a bokiti kafin ya shiga akwati.

Matatar ruwa iri biyu ce a kasuwa. Mai inji tana da ƙarfi, tana kuma tsotse 'ya'yan kifi kamar yadda ta yi mini da wajen ashirin a dare ɗaya. Ta soso, wadda famfon iska ke tafiyar da ita, ba ta cin kowa, har ma 'ya'yan kan hau kanta su yi kiwo. Ita za ka saya. Sauran kuɗin ka ƙara ka sami famfon iska mai batir, ko ka haɗa shi da sola, saboda ƙwai na buƙatar iska ko an ɗauke wuta.

Na'urar ɗumama ruwa? Kifin yana son digiri 23 zuwa 27. A Disamba da Janairu, lokacin hunturu, dare kan yi sanyi har ta yi amfani. Amma babban abokin gabanmu bazara ce. A Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, ruwan akwati ya wuce 30, iskar da ke cikinsa ta ragu. Ɗakin ƙasa ya fi na kwano nesa ba kusa ba. Ƙaramar fanka da ke hura saman ruwa tana sauke zafin da digiri biyu ko uku, tunda iskarmu busasshiya ce, sai dai ruwa zai riƙa raguwa kullum. Ni a waɗannan watanni ba na neman ƙwai sam. Na fi jiran damina, in canja kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da mai ɗan sanyi, kamar an yi ruwan sama. Sau da yawa hakan ne ke tayar da su. Ruwan famfo ko na 'yan garuwa ka bar shi ya kwana a buɗe saboda sinadarin kulorin, kuma ka ajiye jarka biyu a gefe don ranar da famfo ya ƙafe.

In ƙwai sun zo za ka gan su a dunƙule, ruwan lemo, kamar talatin zuwa ɗari. Wasu kan saya ƙaramin akwati su kwashe su don ƙyanƙyashewa da kansu. Ban ga dalili ba. Uban yana yi musu fifita da fiffikensa dare da rana, yana cire wanda ya lalace, kusan ba ya fitowa cin abinci. Cikin kwana 4 zuwa 7 sun ƙyanƙyashe, su ƙara wasu kwana huɗu ko biyar suna shan gwaiduwar da ke cikinsu. Abin da ke sa shi watso ƙwan waje shi ne yawan haska shi da fitilar waya, don haka ka kama hannun yara, ka kama naka. Sai in dunƙulen ya faɗo waje ne za ka ɗauke shi a hankali, ka sa a ƙaramar roba cikin akwatin da bakin tiyon iska kusa da shi, kana tsince duk wanda ya yi fari.

Ranar da 'ya'yan suka fito, ka yanka kokwamba ko kabewa ka ɗan tafasa, ka soke da cokali ya nutse, ka cire da safe kafin ya ruɓe. Kada ka manta da guntun busasshen itace da aka dafa aka jiƙa, domin suna gurzarsa don narkar da abinci. Bayan wata ɗaya da 'yan kwanaki macen za ta sake cika, kai kuma ka fara neman wanda zai karɓi 'ya'ya sittin.