Hattara da mai tallar "tsofaffin zanen Japan" a intanet

Jama'a, akwai wani shafi da ke yawo a Facebook da Instagram yana tallar zanen Japan na dā, mai shafin na cewa wai gadon kakansa ne yake son rabuwa da shi saboda matsin rayuwa. Wani abokina ya kusa tura masa kuɗi, Allah ya sa ya fara turo mini hotunan. Ina gani na ce masa ya riƙe kuɗinsa.

Abin da yake talla shi ne zanen babbar igiyar ruwan nan na shahararren mai zanen Japan Hokusai, wanda aka buga wajajen 1831 cikin jerin zane 36 na Dutsen Fuji. A watan Maris na 2023 an yi gwanjon guda ɗaya na asali a gidan gwanjo na Christie's da ke New York, ya haura dala miliyan biyu da rabi. To wane ne zai ba ka irinsa a kuɗin wayar hannu? Wannan kaɗai ya isa.

Amma abin da ya tona masa asiri shi ne sa hannu. A ƙasan takardar an rubuta suna da fensir, har da lamba, wai kwafi na goma sha biyu cikin kwafi ɗari. Masu zanen zamanin Edo, wato zamanin su Hokusai, ba su yi haka ba. Mai zane ya zana, masassaƙi ya sassaƙa a jikin katako, mai bugu ya shafa launi ya danna takarda, kowane launi da allonsa. Sunan mai zanen ma a jikin katakon ake sassaƙa shi, ya fito tare da bugun. Sa hannu da fensir sai a ƙarni na 20 ya zama al'ada. Hokusai kuwa ya rasu tun 1849.

Na ce wa abokina ya roƙi hoton bayan takardar, nan mutumin ya fara kame-kame. Bugun hannu na gaske, launi yakan ratso ta baya, kuma ana ganin sawun abin gogawar da suke kira baren. Takardar washi ce, ta gargajiyar Japan, mai zare-zare a jiki. Na inji kuwa bayansa fari fat, in ka sa madubin ƙara girma sai ka ga ɗige-ɗige a jere kamar na kalanda. Jan da takardar ta yi ma kada ya ruɗe ka, ruwan shayi yana wannan aikin.

Inda abin ya fi wuya: akwai masu sassaƙa sabon katako su buga da hannu, irin gidan Adachi a Tokyo. Su sana'ar halal suke yi, suna faɗa sabon bugu ne. Ɗan damfara shi ke saye ya yanke gefen da hatimi yake, ya tsufar da takardar. Wannan sai an jera shi da na gidan tarihi, layi da layi.

Mai tallar kuma ya yi ta tutiya da "takardar shaida". A 1934 an yi badaƙalar Shunpoan a Tokyo, zanen jabu ne amma har wani babban masani ya yaba su da na ƙwarai, balle takardar da mutum ya buga a ɗakinsa.

Da abokina ya nemi a kai wa ƙwararre ya duba kafin biya, sai aka toshe lambarsa. Shafin yana nan, ya dai sauya suna.