Konter guda babba da ƙanana, ko kowane ɗaki da nashi?

Salamu alaikum jama'a. Alhaji ya tambaya jiya a kan etaj ɗin da yake ginawa a unguwar Bobiel ta Yamai, ƙasa da hawa biyu, apartama shidda, wai ya ɗauki konter guda babba na NIGELEC, kamfanin wutar lantarki, ya sa ma 'yan haya ƙananan konter, ko ko kowa a yi mishi nashi. Alhaji Allah shi sa albarka, ni dai duka biyun na zauna cikinsu.

Konter guda, sauƙinshi wajen farawa ne kawai. Takarda guda, biya guda, ka ɗauki tirifaze, wato wuta mai layi ukku mai volt 380, ƙananan konter kuma kasuwa ake sayensu. Amma daga nan kai ka zama mai karɓar kuɗin wuta, duk wata sai ka bi ƙofa ƙofa da biro da kaye. Kuma abin da mutane ba su lura da shi ba, kuɗin wuta hawa hawa ne, in ka sha da yawa kilowat ɗin na sama ya fi tsada, to in ka tara gida shidda kan konter guda ai kullum can sama kuke, mai fanka guda da firigo shi ma ya biya farashin mai kilim. Gidan da na zauna da, watan Afrilu makwabcinmu na sama kilim biyu yake kunnawa dare da rana, faktir ta zo, an haɗa lissahin ƙananan konter bai kai na babba ba, sai aka ce a raba ragowar daidai. Wata tsohuwa da ke ƙasa ta ce wallahi ko dala ba ta ƙarawa, muna cikin gardama har aka yanke mu duka, da mai biya da marar biya.

Kowa da nashi kuwa, eh za ka kashe kuɗi da zirga zirga da farko, amma in firifeye ne, wato konter da ake biya kafin a sha, ɗan haya ya sa kuɗinshi ya sha, ya ƙare ya zauna duhu shi kaɗai, in ya tashi bai bar maka bashi ba.

Sai dai Alhaji kar ka ce shidda, bakwai za ka nema. Na bakwai na gida ne, fitilun matakala da na tsakar gida da ɗakin gardi da pampon da ke kai ruwa sama, kuɗinshi ka zuba cikin haya tun farko.

Tun ba a yi shafe ba a ware wuri ƙasa kusa da ƙofa inda ruwa ba ya bugu, konter duka su jeru nan da lamba, kowane apartama wayarshi ta hau cikin tiyonta ita kaɗai har tablo ɗinshi, wato akwatin da ke rarraba wuta cikin ɗakuna. Na hawan sama a ƙara ma wayarsu kauri don nisa yana rage ƙarhin wuta. Cikin ɗaka wayar fitila mai kaurin 1,5 mm², ta firiz ɗin bango, wato wurin jona kayan wuta, mai 2,5 mm², kilim kowane da layinshi da dijonkter ɗinshi mai yanke wuta in ta yi yawa, kuma kar mai wuta ya ce maka wayar ƙasa, wadda ke kai wutar da ta ɓalle cikin ƙasa, ba dole ba ce, a kafa ta, a sa diferansiyel na 30 miliamfer, mai yanke wuta in ta ɓalle ko ta kama mutum. A bar tiyo guda fanko har bisa rufi saboda sola, ko ba bana ba.