Tiyatar fankiriyas: yanka ciki, huda da kyamara ko robot, wacce za a biya wa kuɗi?

Duk wanda likita ya sanar da shi cewa an ga ƙari a fankiriyas ɗin ɗan'uwansa, kuma akwai damar cire shi, kafin mako ya zagayo zai ji sunayen hanyoyi uku: tiyatar yanka ciki da aka saba, tiyatar huda ciki da kyamara wadda ake kira lafaroskofi, da kuma wadda ake yi da na'urar robot. Na tsaya a wannan mararraba lokacin jinyar yayana, wanda muka yi wata guda muna yi wa maganin shawara saboda idanunsa sun yi ɗorawa, kafin hoton ciki ya nuna cewa ƙari ne ya toshe bututun maɗaciya. Fankiriyas, wanda wasu ke rikita shi da saifa alhali daban suke, yana kwance ne a bayan tumbi, shi ke samar da insulin da ruwan narkar da abinci, kuma yana da kai da jiki da wutsiya.

Tambayar farko ita ce a ina ƙarin yake, domin tiyatar wutsiya da ta kai ba aiki ɗaya ba ne. Idan a wutsiya ne ko a jiki, ana yanke ɓangaren ne a rufe bakin abin da ya saura, kuma a nan likitoci ba su da babbar jayayya. Binciken LEOPARD da aka yi a ƙasar Holan kan mutane 108 ya nuna cewa waɗanda aka yi wa ta huda sun dawo cikin ƙarfinsu a kwana 4, waɗanda aka yanka kuwa a kwana 6. Na DIPLOMA da ya fito a 2023 kan mutane 258 masu ciwon daji ya nuna cewa huda ba ta gaza yanka ba wajen cire ƙarin tas. Saboda haka mai ƙari a wutsiya ya karɓi lafaroskofi idan likitansa ya saba yin ta, ba sai ya biya ƙarin kuɗin robot ba.

Rigimar tana kan kai ne, wato aikin da ake kira Whipple, da sunan likitan Amurka Allen Whipple wanda ya bayyana shi a 1935. A wannan aiki ana cire kan fankiriyas, da farkon ƙaramin hanji, da maɗaciya, da wani sashe na bututunta, wani lokaci har da gutsuren tumbi, sannan a dawo a yi haɗi uku da hanji: na fankiriyas, na bututun maɗaciya, da na tumbi. Haɗin farko shi ne mai hana likitoci barci, domin fankiriyas yakan yi laushi, bututunsa kuma wani lokaci bai wuce kaurin tsinken ashana ba, kuma idan ɗinkin ya yi yoyo, ruwan da aka halitta don narkar da nama shi ne zai malala cikin ciki, ya haddasa ruɓa ko ya cinye jijiyar jini. Wani binciken jin ra'ayi da aka wallafa a 2017, wanda likitoci 435 daga ƙasashe 50 suka amsa, ya nuna cewa kusan kashi 79 cikin 100 suna yin tiyatar wutsiya ta huda, amma kusan kashi 29 ne kawai ke yin Whipple ta wannan hanya. Wannan taka-tsantsan nasu ya isa mai jinya ya yi tunani.

Ni dai, a aikin Whipple, zaɓina shi ne yanka ciki a hannun likitan da ke yin sa kowane mako, kuma ba na ɓoye hakan. Likitan da ya buɗe ciki yana taɓa fankiriyas da yatsunsa, ya ji laushinsa ko taurinsa kafin ya yanke shawarar yadda zai ɗinka, yana jin ko ƙarin ya manne wa babbar jijiyar da ke kai jini hanta, kuma idan jini ya ɓalle, hannunsa yana wurin nan take. Yawancin na'urorin robot da ke asibitoci ba sa ba likita wannan jin na taɓawa, da ido yake auna ƙarfin zaren. Ban da haka, abin da ya fi tsare majinyacin Whipple a gado shi ne haɗin da ke ciki da jinkirin tumbi wajen sakin abinci, girman tabon da ke waje kuwa kaɗan ne a lissafin. Gaskiya ne yanka yana da ciwo, yana iya kamuwa da ƙwayoyin cuta, kuma wani lokaci wurin yakan yi kumburin hanji daga baya, amma waɗannan matsaloli ne da asibitocinmu na koyarwa suka san yadda ake magance su. Kuɗinsa kuma ya fi sauƙi, abin da ke da muhimmanci ga iyalin da har yanzu maganin kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, na watanni yana jiransu.

Whipple ta lafaroskofi kuwa ba zan ɗauki lokaci a kanta ba: an dakatar da binciken LEOPARD-2 a Holan bayan mutum 5 cikin 50 sun rasu a ɓangarenta, alhali 1 ne cikin 49 a ɓangaren yanka, kuma inda ta yi kyau, kamar Coimbatore a Indiya da wasu asibitocin ƙasar Sin, a hannun waɗanda suka riga suka yi ta sau da yawan gaske ne.

Robot ya fi ta hujja. Likita yana zaune a gefen ɗakin tiyata yana kallon ciki da girma da zurfi, kayan aikin suna lanƙwashewa kamar wuyan hannu, na'urar kuma tana tace rawar hannu, wanda hakan ke sauƙaƙa ɗinki a ƙaramin bututu. Pier Cristoforo Giulianotti na Italiya ne ya buɗe wannan hanya a farkon shekarun 2000 da na'urar da Vinci. A 2024 wani bincike daga Sin kan mutane 164 ya samu zaman asibiti na kwana 11 da robot, da kwana 13 da rabi da yanka, amma na EUROPA daga Heidelberg a Jamus, shi ma a 2024, bai ga raguwar matsaloli ba, sai dai ƙarin kuɗi. Likitocin Pittsburgh a Amurka, waɗanda suna cikin manyan masu goyon bayan robot, su da kansu suka ruwaito cewa sai da suka yi kusan aiki 80 kafin tsawon lokacin tiyatarsu ya daidaita. Shi ya sa ƙa'idojin da ƙwararru suka amince da su a Miami a 2019 suka nemi asibiti ya riƙa yin aƙalla Whipple 20 a shekara ta wannan hanya. Asibitin da ya cika wannan sharaɗi, ban ga laifin zaɓensa ba.

Inda na fi son a buɗe ido shi ne wajen dillalan jinya, waɗanda ke kai mutanenmu Indiya da Masar da sauran ƙasashe. Wanda muka yi hulɗa da shi ya turo mana hoton na'ura mai hannuwa huɗu ta WhatsApp, da farashi a dunƙule, da alkawarin cewa kwana biyar za a sallami Yaya, duk kafin wani likita ya ga hoton cikinsa na CT. Wannan ita ce alamar farko ta yaudara, domin kusan kashi 15 zuwa 20 cikin 100 ne kawai na masu dajin fankiriyas ake iya yi wa tiyata a lokacin da aka gano ciwon, kuma babu mai tsoron Allah da zai yi alkawarin aiki bai ga hoton ba. Wasu dillalan suna cewa robot ne ke yin tiyatar da kansa, ba ya kuskure, wanda ƙarya ce tsagwaronta: duk motsin da na'urar ta yi, hannun likita ne. Wasu kuma sukan faɗi yawan ayyukan robot da asibitin ya yi, alhali yawancinsu na mafitsara da mahaifa ne. A tambayi likitan kai tsaye, ba ta bakin tafinta na dillali ba: Whipple nawa ka yi bara, nawa ne da robot, nawa ne suka yi yoyo, nawa ne aka fara da huda aka ƙare da yanka? A kuma nemi a rubuta wanda zai biya idan hakan ta faru.

Mu hakan ta same mu. An fara da robot, aka koma yanka, aka caje mu duka biyun, kuma a rana ta biyar ruwan da ke sauka cikin jakar da ke gefen gadonsa ya sauya daga ja-ja zuwa launin toka mai kauri. Yaya ya kalle ni ya ce, "Ƙanina, mene ne wannan?" Abin da ya tsamar da shi, da ikon Allah, shi ne akwai likitan da ya iya sa bututu ya zuƙe ruwan ta hanyar hoto cikin dare, kuma ba mu taɓa tambayar ko asibitin yana da irinsa ba kafin mu biya. Farashin dillalin bai ƙunshi kwanakin ɗakin kulawa ta musamman ba, shi kuma ya daina ɗaga waya.

Kafin a sayi tikiti, a lissafa zaman makonni da dama bayan sallama, a karɓi rahoton tiyata da na gwajin naman da aka cire a rubuce, a tambayi kuɗin ƙwayoyin narkar da abinci da na insulin idan an buƙace su, sannan a samu likitan gida a Kano ko Zariya ko Yamai wanda ya amince tun kafin tafiya cewa shi zai karɓi majinyacin idan an dawo.