Hattara da masu tallar maganin "sitem sel" ɗin nan

Jama'a don Allah ku yi hattara da masu tallar maganin sitem sel (ƙwayoyin halittar da jiki ke sabunta nama da su) a WhatsApp da TikTok, wai yana tsirar da tsokar da ta zube. Ƙanina ya yi haɗarin mashin bara, naman sha-raɓarsa ya tafi kusan rabi, ƙashi ya ɗoru amma wajen ya lotsa, ƙafar ba ƙarfi. Sai ga wani a bidiyo da farar riga ana ce masa dakta, ya ce kwali uku kawai magana ta ƙare. Hajiyarmu har tumakinta ta sayar. Me aka kawo? Gari ne a 'yan ƙananan ledoji ana zubawa ƙarƙashin harshe, ɗanɗanonsa kamar garin lemo, a jikin kwalin ma an rubuta daga tuffa aka samo shi. Tuffa fa! Wata uku shiru, da muka yi magana sai ya ce ai sai an haɗa da allura, da na nemi lambar rajistarsa ta likita kawai ya yi bulokin ɗina.

Gaskiya ne tsoka tana da ƙwayoyin da ke gyara ta, tun 1961 Alexander Mauro ya gano su, amma ƙaramin rauni suke iya ɗinkewa, in nama mai yawa ya tafi tabo ne ke cike gurbin. Ko a Amurka abin yana matakin bincike. A jami'ar Pittsburgh, Stephen Badylak da mutanensa a 2014 sun fitar da sakamakon gwajin da suka yi kan mutum 5 kacal, tiyata aka yi musu aka dasa wani shimfiɗi da aka sarrafa daga mafitsarar alade, sannan aka bi da gashin ƙashi sosai, 3 ne suka samu ƙarin ƙarfi na a zo a gani. To ina wannan ina garin tuffa da ciki zai narkar?

Abin da ya fi min ciwo har masu shan inna suke yi wa alkawari, alhali su jijiyar da ke motsa tsokar ce ta mutu tun daga laka. Kuma lambar NAFDAC a kwali ba shaidar yana warkarwa ba ce.

Yanzu dai mun kai ƙanin nawa asibitin ƙashi na Dala, suna duba ko za a ciro tsoka daga bayansa ko cinya a dasa, ya kuma fara fisiyo, wato gashin ƙashi. Tumakin Hajiya kam sun tafi.