Mariƙin wayar mota da ya jure wa zafin Kano da gargadar hanya

Ina haya da mota ta manhaja a cikin Kano, wani lokaci kuma in ɗauki shata zuwa Zariya ko Kaduna. Sana'ar nan kacokan a kan waya take. Ta nan kira yake shigowa, ta nan nake ganin inda fasinja yake tsaye, ta nan kuma taswira take nuna mini lungun da zan shiga a Rijiyar Zaki ko Hotoro idan unguwar ta yi mini sabo. Saboda haka wurin da waya za ta zauna a cikin mota babban lamari ne a gare ni, kuma na yi amfani da mariƙai iri-iri kafin in tsaya a kan wanda nake so in yi magana a kansa: mai maganaɗisu, wanda ake saƙalawa a kafar iskar esi da ƙugiyar ƙarfe. Shi ne mafi alheri da na gani a yanayinmu, amma yana da nasa naƙasu, kuma ba kowace mota ce zai yi wa ba.

Sai na fara da wanda kusan kowa yake fara saye, wato mai mannewa a gilashin gaba. A kasuwar waya ta Farm Centre shi ne ya fi yawa, ga shi da dogon wuya, ga araha, ga kyan gani a cikin kwali. Yadda yake aiki ba wani sirri ba ne: faifan roba ne ake dannawa a jikin gilashi a fitar da iskar da ke ƙarƙashinsa, sai nauyin iskar waje ya riƙe shi. Muddin bakin robar ya like tsaf, zai zauna. To a nan garin abubuwa biyu ne ba sa barin bakin ya like. Na farko rana. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Kano kan haura digiri 40, gilashin motar da ta wuni a fili ba ya taɓuwa, robar sai ta yi laushi ta saki, daga baya kuma ta bushe ta ƙandare. Na biyu ƙurar hunturu, wadda take shiga ko'ina, ta zauna tsakanin roba da gilashi ta buɗe wa iska hanya. Nawa yakan faɗo ne ba sallama, galibi kuma a lokacin da na fi buƙatarsa, ina tsakiyar cunkoson Kabuga ko ina hawan gada. Wayar da ta faɗo ƙasan kujerar direba haɗari ce babba, domin tana iya gangarawa ƙarƙashin birki, kuma zuciyar mutum ba ta barinsa sai ya sunkuya ya lalubo ta.

Ko da bai faɗo ba, akwai matsalar da ta fi wannan damuna. Wayar da aka rataye a gilashin gaba tana shan rana kai tsaye, ga allo a kunne da cikakken haske, ga taswira tana aiki, ga data, ga caji a jiki. Duk waɗannan zafi suke haifarwa. Kamfanin Apple da kansa ya ce an ƙera iPhone ne don ta yi aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, kuma sauran wayoyi ma batir iri ɗaya suke amfani da shi, na litiyam, wanda ba ya shiri da zafi. Abin da nake gani a tawa shi ne hasken allo ya dushe da kansa, caji ya tsaya cak ko da kebul yana jiki, wani lokaci ta fito da gargaɗi cewa sai ta huce. Direban da wayarsa ta ɗauke da azahar ya rasa ciniki, kuma batirin da ake gasawa kullum ba ya daɗewa yake kumbura. Dogon wuyan nan da ake yabo ma illa ne a hanyarmu, domin duk ramin da taya ta faɗa sai wayar ta yi ta rawa, ba ka iya karanta sunan titi.

Na gwada mai gam da ake likawa a kan dashbod. Wannan ba ni da dogon zance a kansa. Idan gam ɗin mai kyau ne, aka goge wurin da sipirit, aka bar shi ya kwana kafin a ɗora masa nauyi, yana kamawa. Sai dai wayar tana nan a rana, kuma dashbod ɗin da aka saba shafa wa man ƙyalli a wurin wankin mota ba ya karɓar gam ko kaɗan. Ranar da ka ɓamɓare shi kuma tabo zai bar maka.

Mai kafar esi iri biyu ne, kuma a nan mutane da yawa suke ruɗewa. Akwai mai ɗan baki na roba da ake turawa kawai ya ciji fiffiken kafar iskar. Wannan ba ya ɗaukar manyan wayoyin da muke riƙewa. Yawancin Tecno da Infinix da Samsung na yanzu allonsu ya haura inci 6, batirinsu mAh 5,000, nauyinsu kusan giram 200, idan aka haɗa da rigar waya mai kauri ya ƙaru. Nauyin sai ya rinjayi fiffiken ya sunkuyar da shi ƙasa, wayar ta koma kallon giya, a hankali kuma bakin ya zame. Ɗaya irin shi ne mai ƙugiya. Wani siririn ƙarfe ne mai lanƙwasa a baki yake shigewa ciki ya kamo bayan fiffiken, sai ka murɗa wata goro har ya ɗaure, ga kuma 'yar ƙafa a ƙasa da take dogara a jikin dashbod ta ɗauke nauyin. Wannan shi ne nawa.

Yaron shagon da na saya a wurinsa ne ya nuna mini bambancin. Na nemi mai baki saboda ya fi araha, sai ya ce, "Yallaɓai, wace mota ce?" Na ce Corolla. Ya ce, "To ɗauki mai ƙugiya, wancan kwana kaɗan zai karya maka fiffike, kuma gyaran ya fi kuɗin holdar." Na nemi ya biyo ni bakin titi ya ɗaura a gabana, ya kuwa biyo ni. Kuɗinsa ya ɗara na gilashi, amma bai kai abin da nake zubawa na mai a wuni guda ba.

Tun da na ɗaura shi ban sake taɓa gorar ba sai sau ɗaya da na ƙara matse ta bayan ya zauna. Na bi da shi hanyar Zariya ta Kwanar Dangora, na shiga da shi layukan da ba kwalta a Ɗorayi da damina, inda mota take tafiya tana tangal-tangal, wayar ba ta taɓa faɗowa ba. Dalili a fili yake: wuyansa gajere ne, wayar tana kusa da inda aka ɗaure, babu dogon hannun da zai ƙara mata girgiza. A bayan faifan maganaɗisun akwai 'yar ƙwallo da kan yake juyawa a kanta, don haka ina iya karkato allon ya fuskance ni, ko in kwantar da wayar idan ina son taswira ta yi faɗi. Idan na ɗaga ido daga allon, titi yana nan a gabana, ba abin da ya tare mini gilashi. Mai gilashi kuwa yana cin wani yanki na abin da ya kamata ka gani, kuma a garin da ɗan sahu ko yaro mai talla zai iya ɓullowa daga ko'ina, wannan yankin ba na wasa ba ne.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne sanyi. Idan esi yana aiki, iskar tana bugun bayan wayar kai tsaye, sai ka taɓa ta da azahar ka ji ta kamar an ciro ta daga randa. Caji yana shiga yadda ya kamata, allo ba ya dushewa. Na san tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 da yawanmu ba ma kunna esi sai fasinja ya nema, ni ma haka nake. To ko a haka wayar ta bar rana ta koma inuwar dashbod, kuma fanka kaɗai idan ka kunna tana rage mata zafi sosai.

Batun maganaɗisu shi ne abin da fasinjoji suka fi tambayata. Wata Hajiya da na ɗauko daga filin jirgin Malam Aminu Kano ta ce, "Malam, wannan abin ba ya lalata waya?" Na ce mata a'a, Hajiya, kuma ga abin da na sani. Ma'ajiyar wayoyin yanzu ba ta maganaɗisu ba ce, don haka hotuna da lambobi ba sa gogewa. GPS kuma, wato abin da ke gano inda kake a taswira, saƙon rediyo yake karɓa daga taurarin ɗan'adam, maganaɗisu ba ya hana shi. Apple ma tun daga iPhone 12 a 2020 da kansu suke saka zoben maganaɗisu a bayan yawancin wayoyinsu, wanda suke kira MagSafe, kuma masu irin waɗannan wayoyi ba sa buƙatar ƙara komai idan sun sayi mariƙin da aka yi dominsu. Abin da maganaɗisu yake iya ruɗawa shi ne kamfas ɗin cikin waya. Na lura idan ina tsaye wuri ɗaya, kibiyar taswira takan kalli inda ba nan na fuskanta ba, amma da zarar mota ta motsa sai ta daidaita, domin daga nan tafiyar motar take bi. A mahaɗar tituna da ban sani ba wannan yakan sa in yi jinkiri kaɗan kafin in gane hannun da zan ɗauka.

Mu masu wayoyin Android na gama-gari sai mun lika wani siririn faifan ƙarfe da yake zuwa a cikin kwalin. A nan ne ƙarfin riƙon yake ƙaruwa ko ya ragu. Idan ka saka faifan a cikin rigar waya mai kauri, tazara ta shiga tsakaninsa da maganaɗisun, riƙon ya yi rauni, tudun rage gudu ɗaya zai iya zamar da wayar. Ni a bayan rigar na lika nawa, daga waje, a tsakiya. Bai yi kyan gani ba, amma riƙon ya yi ƙarfin da sai na ɗan murɗa wayar kafin ta saki. Wanda kuma wayarsa take caji ba tare da kebul ba ya sani cewa faifan ƙarfen yana tare wannan cajin, yana ma iya ɗaukar zafi, don haka ko dai ya haƙura da ɗaya ko ya nemi mai zobe.

Sauƙin ɗorawa da cirewa da hannu ɗaya shi ya sa na fifita maganaɗisu a kan mai hannaye da sifirin. Mai hannayen yana buƙatar hannu biyu, wani lokaci yana danne maɓallin gefe ya kashe allo ko ya rage murya, sifirin ɗinsa kuma ƙura tana cinye shi. Sai dai wannan sauƙin yana da gefe biyu a garin da ake fama da ƙwacen waya. Abin da kake cirewa da hannu ɗaya, wani ma zai cire da hannu ɗaya ta taga. Shi ya sa na ɗaura nawa a kafar tsakiya, ba ta gefen ƙofa ba, kuma idan na shiga cunkoso da yamma nakan ɗaga gilashi.

Sauran naƙasun su ne waɗannan. Wayar tana toshe kafar iska guda, wanda ke zaune a gaba yakan ji esi bai isa gare shi sosai ba. Da sanyin asuba a watan Disamba da Janairu, idan ka kunna hita, iska mai zafi ce za ta riƙa dukan wayar, sai ka karkatar da iskar zuwa ƙafa. Motocin da kafar iskarsu zagayayya ce mai juyawa, ko wadda fikafikanta suke tsaye maimakon kwance, ƙugiyar ba ta zama daidai a kansu. Tsofaffin motoci kuma irin su Golf da Sharon da suka sha rana shekara da shekaru, robarsu ta riga ta gaji, matsewa kaɗan take karya ta. Mai irin wannan mota gara ya duba wanda ake saƙalawa a bakin rediyo, inda ake tura faifan CD, idan motar tana da shi.

Akwai abin da nake so in ja hankalin 'yan uwana direbobi a kai. Mariƙi ba ya halatta danne-danne a kan hanya. Amfani da waya lokacin tuƙi laifi ne a dokar da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, take aiki da ita, kuma ko babu jami'i a gaba, ran da ke cikin motarka amana ne. Ni nakan saka wurin da zan je tun ina tsaye, in ƙara muryar taswira, in kuma saukar da taswirar Kano a Google Maps tun daga gida don kada ta tsaya inda sabis ya yi rauni. Kebul ɗin caji gajere nake amfani da shi don kada ya naɗe giya ko sitiyari. Kada kuma a ɗaura kowane irin mariƙi a kan dashbod ta gefen fasinja, inda jakar iskar kariya take fitowa, domin idan ta fashe da ƙarfi take jefo duk abin da ke kanta.

Masu kai saƙo a kan babur sun tambaye ni ko wannan zai yi musu. Ba zai yi ba. Maganaɗisu na mota ba a yi shi don girgizar babur ba, su mai kulle kusurwa huɗu suke buƙata, wanda ake ɗaurewa a kan hannun babur da noti. Su kuma sani cewa a 2021 Apple ya yi gargaɗin cewa girgizar injin babur mai ƙarfi tana iya lalata na'urar da ke daidaita kyamarar iPhone, ya kuma ba da shawarar amfani da mariƙi mai rage girgiza ko a kan ƙananan babura. Mai tsadar waya ya nemi irin wanda yake da robar shanye girgiza a tsakaninsa da ƙarfen, ko ya ware wata ƙaramar waya daban don aikin hanya.