Shagon buga takardu a Kafin Hausa da kundin wasiƙun malaman Yahudawa

Akwai wani shagon kwamfuta kusa da tashar mota a Kafin Hausa da ɗaliban tarihi ke yawan zuwa, musamman masu rubuta aikin kammala karatu kan asalin rikicin Falasɗinu. Mai shagon ya sauke tsofaffin littattafan malaman Yahudawa na ƙarni na 19 daga intanet, yana bugawa, yana ɗinkewa, yana haɗawa da wata fassarar Turanci da taƙaitaccen bayani. Mun duba kundin shafi-shafi. Bugun ya yi, zaɓen takardun ma ba laifi, amma ɗinkin da fassarar sai an yi hattara.

Wanda ya zaɓo takardun ya san inda ya dosa. Akwai rubuce-rubucen Zvi Hirsch Kalischer, malamin garin Thorn a ƙasar Furusiya (wadda daga baya ta zama ɓangaren Jamus), wanda a 1836 ya rubuta wa attajiri Rothschild na Frankfurt yana roƙon ya sayi ƙasar Falasɗinu, ko aƙalla Ƙudus. Akwai littafinsa Derishat Zion na 1862, inda ya kafa hujja cewa kada Yahudawa su naɗe hannu suna jiran Almasihu, su koma Falasɗinu su kama noma. Akwai na Yehuda Alkalai, haifaffen Sarayebo da ya yi limanci a Semlin kusa da Belgired. Sai kuma Shivat Zion, tarin wasiƙun malamai da Avraham Yaakov Slutzki ya buga a Warso a farkon shekarun 1890, har da na Shmuel Mohilever. Don masu son ganin yadda aka fara maganar komawa da hujjar addini tun kafin babban taron farko na 'yan Sahayoniya da aka yi a Basel a 1897, wannan ya wadatar.

Takardar A4 ce mai nauyin giram 80, tawada ba ta ɓullowa ta baya. Da rana, lokacin da sola ke da ƙarfi, baƙin yana fita raɗau. Matsalar tana zuwa idan tona, wato garin tawadar firinta, ta kusa ƙarewa, yaron shago ya ciro ta ya girgiza ya mayar. A rubutun boko ba a cika damuwa ba. A Ibrananci kuwa ɓarna ce, domin harafin dalet da na resh ɗan kusurwa ne kawai ya raba su, he da het kuma 'yar kafa ce a gefen hagu. Malaman nan da haruffa suke rubuta shekara, kamar hisabin Abajada na malamanmu: dalet 4, resh 200, he 5, het 8. Tawada ta toshe wannan 'yar kafar, wasiƙa ta yi tsallen shekara uku ke nan. Ku ce a buga shafi ɗaya tukuna, ku kai shi haske ku duba layin kwanan wata. Hanyar lissafin ba wuya: a haɗa adadin haruffan, a ƙara 1240. Misali 622 ya ba da 1862. Idan an rubuta wasiƙar tsakanin sabuwar shekararsu, wadda ke kamawa a Satumba ko farkon Oktoba, da ƙarshen Disamba, sai a rage ɗaya.

Ɗinki kuwa, a hagu suke huda ramukan zoben roba, kamar littafin boko. Ibrananci daga dama yake farawa, kamar Larabci. Abin mamaki, yaron da ya yi shekaru yana buɗe izu sittin daga dama shi ne zai huda a hagu, don haka injin ya saba masa. Idan bugun gaba da baya ne, gefen ya rikice, ramukan su ci farkon layi. Sai an tsaya a kansa an ce “a dama, kamar Ishiriniya”, a kuma bar tazarar santimita biyu a wannan gefen.

Fassarar na'ura ce, kuma kada kowa ya ɗauko ta ya sa a aikinsa. Waɗannan malamai suna cakuɗa Ibrananci da Aramiyanci na Talmud (babban littafin fiƙihun Yahudawa), suna gajarta jimla guda zuwa haruffa uku ko huɗu, kuma littattafansu da yawa an buga su da wani salon rubutun Ibrananci na daban da ake kira haruffan Rashi, wanda manhajar karanta hoto ke tuntuɓe a kansa kamar wanda ya saba da bugun Hafsu aka miƙa masa rubutun allo. Taƙaitaccen bayanin ma yana da kuskure: ya ce Kalischer ya so a sayi ƙasar daga hannun Sarkin Istanbul. A 1836 Muhammad Ali Pasha na Masar ne ke riƙe da Sham da Falasɗinu, tun daga 1831 har 1840. Bayanin ya kuma rubuta “Daular Usmaniyya” ba tare da fayyace cewa ta Turkawa ake nufi ba, ɗalibin da ya taso da tarihin Shehu Ɗanfodiyo sai ya ɗan tsaya.

Babban giɓin shi ne murya ɗaya ce a kundin. Malaman Yahudawa da dama sun ƙi wannan kira, suna kafa hujja da rantsuwoyi uku da ke cikin Talmud, a babin Ketubot, waɗanda suka fahimta a matsayin hani ga komawa ƙungiya-ƙungiya kafin lokaci. Ba a sa nasu ba. Babu kuma maganar mutanen da ke zaune a ƙasar, Larabawa Musulmi da Kirista da su ne mafi rinjaye, ga shi a 1891 manyan Ƙudus sun buga wa Istanbul waya suna neman a hana shigowar Yahudawa da sayar musu da filaye. Mai shagon yana karɓar ƙarin takardu ta filashi ko WhatsApp, ya ɗinke su a ƙarshe. A yi cinikin kuɗin kowane shafi kafin a kunna firinta, a kuma guji ranar kasuwa, don layin masu fotokwafi yakan kai bakin titi.