Tsohon gida a Agege ko sabo a Ikorodu: ina ake samun ragi?

Alhaji, ka ce kana tsakanin gidaje biyu a Legas: tsoho a Agege da magada suka sa a kasuwa, da sabo a rukunin gidajen wani kamfani a Ikorodu, kana so ka san inda za a fi yi maka ragi da abin da ya dace ka taya. Duka biyun ana ciniki, sai dai ba ta ƙofa ɗaya kuɗin ke sauka ba. Wajen magada farashin kansa ne ke motsi. Wajen kamfani da wuya farashin ya gusa, kuɗaɗen da ke biye da shi ake ja.

Magada galibi so suke su raba kowa ya kama gabansa, don haka mai kuɗi hannu yana da ƙarfi a gabansu. Amma farashin da ka ji da wuya a ce shi suka faɗa. A Legas gida ɗaya sai ya bi ta hannun dillalai uku ko huɗu, kowa ya ɗora nasa. Kada ka taya sai an zaunar da kai da masu gidan, kuma a yanke la'ada tun kafin zaman. Kashi 5 cikin 100 aka fi sani, wasu su nemi 10.

Kada ka je zaman da baki kawai. Ka biya mai kimanta gidaje mai rajista ya ba ka darajar gidan a rubuce, magini kuma ya duba rufi da wayoyin wuta da ramin bayan gida ya yi maka lissafin gyara. In da hali ka leƙa layin bayan ruwan sama mai ƙarfi, irin na Yuni da Yuli. In rani ne, tabon ruwa a gindin bango zai gaya maka. Ka tambayi ko da 'yan haya a ciki, domin dokar haya ta Legas ta 2011 ta ba mai biyan shekara sanarwar wata 6, wani ma ba ya fita sai an je kotu. Kowanne daga cikin waɗannan hujjar ragi ce da za ka ajiye a gabansu da adadinta. Ka fara tayi ƙasa da abin da mai kimantawa ya rubuta, ka bar wa kanka wurin ƙari. Amma ba cinikin tumatir ba ne a kasuwar Mile 12 da za ka raba kuɗi biyu. In tayin ya zama raini, za su ce albarka su daina ɗaga wayarka.

Ragi mafi tsoka a takardu yake. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, kuma mallaka ba ta komawa sunanka sai da amincewarsa. Idan marigayin ma saye ya yi bai nemi wannan amincewar ba, kai za ka ɗauki ɗawainiyar cike giɓin, to a cire kuɗinta daga farashi. Lauyanka, ba nasu ba, ya bincika a ofishin filaye da ke Alausa, a kuma kai taswirar safiyo ofishin babban safiyon jiha a ga ko wurin bai faɗa filin da gwamnati ta karɓe ko hanyar ruwa ba.

Akwai abin da ba na so ka karɓi ragi a kansa ko da rabin kuɗi ne. Gidan gado na Yarbawa ba ya sayuwa sai shugaban dangi da manyan gidan sun yarda tare, kuma in dukiyar mamaci ce a nuna maka takardar kotu da ta ba masu sayarwa iko. Idan aka ce wani ɗan yana Ingila, zai sa hannu daga baya, ka tashi. Arahar da ake yi maka ta rigimar da za ka gada ce.

Kamfani kuwa yana tsoron rage maka, kada waɗanda suka riga ka saye su ji. Sai ka nemi a rubuto maka jimillar duk abin da za ka biya kafin ka karɓi makulli: kuɗin takardar yarjejeniya, na safiyo, na raya unguwa, na jawo wuta, da kuɗin hidima na kowace shekara. Nan ne ake yafewa ko a rage, musamman ga mai biya gaba ɗaya. Idan gidan ba a gama shi ba, yarjejeniyar ta fi farashin muhimmanci. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, siminti da rodi suka tashi, mai biya kashi-kashi yana iya wayar gari an ƙara masa kuɗi. Ka sa a rubuta cewa farashi ba ya canzawa, a rubuta ranar miƙa gida da abin da za su biya in sun saɓa, da nawa za a yanke in ka fasa. Ka duba ko suna da rajista da LASRERA, hukumar da ke kula da harkar cinikin gidaje da filaye a jihar Legas. In sun ce C of O (takardar shaidar mallaka ta gwamnati) ko gazet (sanarwar gwamnati a rubuce cewa ta saki filin) "yana hanya", ka ɗauka babu shi, ka taya a matsayin wuri marar takarda ko ka haƙura.

Ni dai, tunda ka ce kuɗinka a haɗe suke kuma harkarka a Agege take, gidan magada zan ce ka bi, muddin binciken lauya ya fito da kyau. Can ne kuɗi hannu ke rage farashi da gaske, kuma ka huta da cunkoson hanyar Ikorodu safe da yamma. Idan sun sallama, kafin alƙalami ya zama kaɗan, a rubuta cewa za a mayar maka in takardu suka nuna matsala, kuma kowane biya ya bi ta banki zuwa asusun da masu sa hannu suka amince da shi a rubuce, ba na dillali ba.